Kofi uku a jere: a Ƙofar Mata Pillars ta ci su ko a hanya?

Tsohon Lamba Biyar:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe a nan ina karanta abin da kuke rubutawa, ban cika sa baki ba. Abin da ya sa na ɗauki waya yau, jiya bayan la'asar ina tare da yaran da nake koya wa ƙwallo a unguwarmu, sai wani yaro da bai wuce shekara 13 ba ya ce da ni, "Koci, wai da gaske ne Pillars ta taɓa ɗaukar kofin Najeriya sau uku a jere?" Rigar Barcelona ce a jikinsa. Har 'yan bencinsu ya haddace, amma wannan bai sani ba. Maganar ta tsaya min a rai har bayan isha'i.

To da gaske ne. Kano Pillars ta ci lig ɗin Najeriya a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, ta ci a 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, ta sake ci a 2014 a hannun Okey Emordi. A shekarun nan uku na baya ina cikin tawagar. Ba na cikin manyan da kuke jin sunansu a rediyo, kuma ba zan faɗi sunana ba. Ɗan baya ne ni, ana sa ni idan wani ya ji ciwo ko kati ya hana shi wasa. Amma kwano ɗaya muka ci da su, mota ɗaya muka kwana.

Duk wanda ya tashi tuna lokacin nan, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yake tunawa: ganga, kore da ruwan ɗorawa ko'ina, "Sai masu gida!" har ƙasa tana amsawa. Haka ne, an yi wannan. Amma ni a sanina ba a Kano muka ci kofunan nan ba. A hanya muka ci su, a Kano dai aka ɗaga.

Ku yi lissafi. Ƙungiya 20 ce, yawanci wasa 38, rabi gida rabi waje. A lig ɗinmu kusan kowa zaki ne a gidansa, har wanda zai faɗa ƙasa a ƙarshen kaka yana cinye yawancin wasanninsa na gida. Ko ka cinye duk 19 ɗin gida, maki 57 ne. Zakaran waɗannan shekarun kuwa maki sittin da 'yan kai yake tashi da shi. Kenan abin da ya raba na ɗaya da na biyar shi ne ɗan makin da aka je aka ƙwato a Aba, ko Fatakwal, ko Inugu, ko Warri.

Kuma kafin ka ƙwato shi sai ka isa can tukuna. Ana idar da sallar asuba mota take tashi. Zariya, Kaduna, Abuja, kafin a haye gadar Lokoja ƙafarka ta kumbura a cikin silifas. Kowa da ledarsa: kilishi, gurasa, dabino, wani har da yajin da babarsa ta daka masa don ya san abincin can ba zai shige shi ba. Idan lokacin salla ya yi a tsaya a gefen titi mu shimfiɗa abin da ya samu, abokanmu Kirista su tsaya gadin kaya. Idan an ci gaba su kuma su ɗauki waƙoƙinsu na coci a bayan mota, babu mai cewa su yi shiru. Kwana biyu a hanya, washegari ka shiga fili da ƙarfe huɗu.

Akwai wani wasa a wani gari a kudu, ba zan faɗi sunan garin ba. Mun tarar an malale ɗakin sauya kaya da ruwa, a kan benci muka tsaya muka sa takalma. Ruwan sama ya sauka tun kafin hutun rabin lokaci, fili ya koma fadama. Aka sa ni saura minti 20, babu ci. Kwana suke bugowa ɗaya bayan ɗaya, ina jin numfashin ɗan gabansu a wuyana. Alƙalin wasa ya ƙara lokacin da har yau ban san inda ya samo shi ba. Da aka hura tashi 0-0, na ga babban ɗan wasa a cikinmu, mai mata da 'ya'ya, ya durƙusa a cikin taɓo yana kuka. A kan maki ɗaya. Wannan wasan babu wanda ya gan shi a Kano, a rediyo kawai aka faɗi sakamako. Irinsa nake so mu tuna.

Abban Khadija Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah sarki ɗan'uwa, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni a Kantin Kwari nake. Ranar wasa ƙarfe biyu nake ja wa yaro kunne ya kula da shago, mu gangara Ƙofar Mata a ƙafa, mu wajen goma daga layinmu. Idan ka bari uku ta wuce to sai dai tsayuwa. Allah ya saka muku da alheri, kun faranta mana a lokacin da farin ciki ya yi tsada a garin nan.

Ɗan Gwammaja:
Yaya Lamba Biyar, girmanka ne, amma ni ban yarda 2012 zuwa 2014 ne ƙololuwar Pillars ba. 2009 ce. Ka tuna wa muka fitar a gasar zakarun Afirka? Al Ahly ta Masar, ita ke riƙe da kofin a lokacin, da su Abutrika a ciki. Aka yi 1-1 a nan gida, kowa ya ce shi kenan an gama da mu, sai an je Alƙahira a yi mana yankan rago. Aka je aka tashi 2-2, dokar cin waje ta ba mu. Daga nan muka shiga rukuni da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, muka fito har wasan kusa da na ƙarshe. Lig kowace shekara sai wani ya ci. Amma ƙungiya nawa ce a nahiyar nan za ta ce ta je Alƙahira ta tuɓe wa Ahly rawani?

Tsohon Lamba Biyar:
Ƙanena ba mu saɓa ba ai. Ka duba da kyau, abin da kake alfahari da shi ma a waje aka yi shi. A 2009 ina ƙungiyar unguwa, ban kai ko'ina ba. Daren nan na Alƙahira ne ya sa na ce ni ma sai na sa rigar nan.

Injiniya Hotoro:
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Ni ma ɗan Kano ne, kuma na sha biyan kuɗin ƙofa. Ana ta cewa Pillars ta shekara 12 ba a ci ta a gida a lig ba, daga 2003 zuwa 2015. Tsakani da Allah, akwai ƙungiyar da ta isa ta yi haka da ƙwallo zalla? Barcelona ta Messi ma ana zuwa gidanta a ci ta. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wane alƙalin wasa ne zai ba baƙo fanareti a minti na 85 a Ƙofar Mata yana ganin jama'ar nan? Hujjata kuma ita ce Afirka. 2013 AC Leopards ta Kwango ta fitar da mu, mun ci 4-1 a gida muka je can aka ba mu 3-0. 2014 AS Vita ta kore mu tun a zagayen share fage. 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta zuba mana huɗu a can. Zakaran Najeriya sau uku, ko rukuni bai shiga ba. Shi ma 2009 ɗin da Ɗan Gwammaja yake yabo, ku ƙarasa labarin mana: Heartland ta ci mu 4-0 a Owerri, ta zo wasan gida ta ƙara mana ɗaya.

Na Ƙofar Mata:
Injiniya wannan magana ba ta dace da kai ba wallahi. Mutum ya zo yana ba da labarin guminsa kai kuma ka ce alƙalai ne suka ba shi? To Enyimba da ta ci 2001, 2002, 2003 a jere ita ma tsoron mutanen Aba ne?

Injiniya Hotoro:
Enyimba ta ci kofin Afirka a 2003, ta sake ci a 2004. Ita ta nuna a waje. Abin da nake faɗa kenan.

Sadiq Kurna:
Kai jama'a. Kullum sai an samu mai zuba yashi a garin mutane.

Tsohon Lamba Biyar:
A'a ku bar Injiniya, tambayarsa tana kan hanya, kuma gara a yi ta a gabana da a yi ta a bayana.

Yallaɓai, ba zan rantse maka cewa jama'a ba sa yi wa alƙalin wasa nauyi ba. Suna yi. Mutum ne shi ma, yana da kunne. Amma wannan nauyin babu filin da babu shi a ƙasar nan, duk inda muka je mun gan shi a kanmu. Da shi kaɗai ne ke ba da kofi, da kowa ya ci nasa. Me ya sa duk ƙungiyoyin nan masu cika fili ba su jera shekara 12 ba?

Akwai abin da ɗan kallo ba ya ji daga kan kujera. Ƙungiya ta taso daga bakin teku, ta kwana biyu a mota, ta shigo Kano a watan Afrilu. Ƙarfe huɗu na yamma zafin fili yana ratsa takalmi, iska busasshiya, miyau ya kafe a baki. Minti 60 na farko za su riƙe mu. Daga nan sai ka ga ɗan bayansu ya dafa gwiwa duk lokacin da ƙwallo ta fita. Mu mun san wannan, a kansa muke shiri: a yi ta juya ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan, a sa su gudu, a jira. Shi ya sa ƙwallayen ƙarshen wasa suka yi yawa, mutane suna cewa an taimaka mana. Idan muka je nasu kuma, laima da ruwan sama su rama musu.

Batun Afirka kuwa ya fi ci min rai fiye da yadda yake ci maka, don ina ciki. Ka duba kalanda. A shekarun nan ana fara zagayen farko na gasar Afirka a Fabrairu. Lig ɗinmu a 2013 da 2014 da 2015 duk sai a Maris aka fara. Kenan mun yi watanni babu wasan gaske, sai atisaye da wasan sada zumunta, sannan a haɗa ka da wanda yake tsakiyar kakarsa ko ya fi ka shiri. Na biyu, duk shekarar da ka ci kofi, 'yan wasanka ne a kasuwa. Wanda ya haska sai ya tafi, kamar yadda Shehu Abdullahi ya tafi Kuwaiti a 2014, kuma babu mai ganin laifinsa, kowa yana da iyaye. Na uku, waɗanda suka fitar da mu ba ƙanana ba ne. Leopards ita ce ta ci kofin Confederation na Afirka a 2012. Vita da ta kore mu a 2014 har wasan ƙarshe ta je a shekarar. Duk da haka ban wanke mu ba. Wanda ya ci 4-1 a gida bai kamata ya faɗi ba. Wannan 3-0 ɗin har gobe idan na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Injiniya Hotoro:
Maganar kalanda na karɓa, ban taɓa haɗa ta haka ba. Ta zafi ma akwai gaskiya a ciki. Amma shekara 12 ɗin nan har yanzu ina da ja.

Baba Alhaji Yakasai:
Yara ku saurara. Ni na girme ku duka a nan ina ji. Kafin a san wata Pillars mun yi Raccah Rovers, ita ta fara kawo kofin lig garin nan a 1978, ina saurayi lokacin. Pillars a 1990 aka kafa ta, aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Daga 1990 sai da aka shekara 18 kafin a ga kofi. Mun sha zama a filin Sabon Gari muna kallo ana tashi babu komai. Don haka da na ga 2008 na yi sujjada. Abin da na lura da shi a tawagar su wannan yaron, ba sa watsewa. Gola Afelokhai shekara da shekaru yana nan, Gambo Muhammad yana nan, Rabi'u Ali yana nan. Ko ido a rufe sun san inda ɗan'uwansu yake tsaye. Yanzu kuwa kowace kaka sai a kwaso mutum goma sha, kafin ka riƙe sunansu sun tafi. Ɗana Lamba Biyar, Allah ya yi maka albarka.

Tsohon Lamba Biyar:
Amin Baba, na gode. Abin da ka faɗa shi ne ƙashin bayan maganar. A wasan waje ba ka jin muryar koci saboda ihu, ba ka jin ta golanka ma. Abin da ya rage maka shi ne sabo. Na san idan na fita tarar mutum, wane zai rufe bayana ba sai na waiwaya ba. Wannan ba a sayo shi a kasuwa, sai an daɗe tare.

Khalifa Junior:
Ni 2006 aka haife ni don haka ban ga komai ba sai ƙarshe-ƙarshe. Yaya don Allah yaya wasa da Ahmed Musa yake? Shi ya ci muku kofunan ko?

Ɗan Gwammaja:
A'a Khalifa, ka haɗa zamani biyu. Ahmed Musa a kakar 2009/2010 ya haska, ya ci ƙwallo 18, a lokacin babu wanda ya taɓa cin haka a kaka ɗaya a lig ɗin. Shekarar Enyimba ce ta ɗauka, mu muka zo na biyu. A 2010 ya tafi VVV Venlo ta Holan, daga can CSKA ta Rasha. Lokacin da ake cin ukun nan yana Turai. Sai 2021 ya dawo ya sake sa rigar.

Khalifa Junior:
Na gode Yaya, wallahi ban sani ba. A gidan kallo babu mai ba mu wannan labarin.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Ni ban taɓa shiga filin ba, amma ina da abin faɗa. Kuna ta maganar maki da alƙalai, kun manta wane hali garin nan yake ciki a shekarun. 20 ga Janairun 2012 ranar Juma'a duk wanda yake Kano ya san abin da ya faru. Bayan nan dokar hana fita, shingen jami'an tsaro a kowace kwana, a sauke mutum daga babur ya tura. Farkon 2013 aka kai wa ayarin Mai Martaba Ado Bayero hari, aka hana acaɓa. 2014 Sarki ya rasu, ga abin da ya faru a Masallacin Juma'a na cikin gari a ƙarshen shekarar. Mutane suna tsoron taro, ko biki a gurguje ake yi.

Ƙanena autanmu ba ya fashin kallo. Duk ranar wasa Hajiyarmu sai ta hana shi, shi kuma ya durƙusa yana roƙo har ta ce Allah ya tsare. Sai ta ɗauko ƙaramar rediyonta ta ajiye a gefen tabarma tana tsince shinkafa. Ba ta san ofsaid ba, ba ta san kowa ba. Ita dai muddin tana jin ihun mutane a bayan muryar mai sharhi, ta san lafiya lau ake. Idan aka ci sai ta ce "to Alhamdulillahi, yau zai ci tuwo da yawa." Da aka ɗauki kofi, 'yan adaidaita suna ta hon har dare, na fito ƙofar gida na ga maƙwabta suna dariya da ƙarfi a titi. Na daɗe ban ga haka ba a lokacin. Hajiya ta rasu, rediyon tana wajena.

Abban Khadija Fagge:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makoma. Maman Ilham kin sa ni hawaye a shago.

Tsohon Lamba Biyar:
Allah ya gafarta mata. Yaya, mu ma mun san da wannan. Motarmu ma ana tsayar da ita a shinge, sai an leƙo an ga riguna a ce ku wuce, Allah ya ba da sa'a. Kuma ku tuna abokan wasanmu 'yan kudu. Iyayensu suna bugo waya kullum suna cewa su baro Kano. Da yawansu suka zauna. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi a sansani, babarsa har kuka take masa a waya ina ji, ya ce mata mutanen nan sun riƙe shi amana. Da azumi shi yake tashina sahur idan na makara.

Sadiq Kurna:
Gaskiya dai a faɗa, gwamnatin lokacin ce ta riƙe ƙungiyar da kyau shi ya sa. Kofi uku duk a zamanin Kwankwaso aka ci.

Na Ƙofar Mata:
To na 2008 da zuwa Alƙahira a zamanin wa aka yi? Ba Malam Shekarau ba?

Shugaban Zaure:
Sadiq, Na Ƙofar Mata, don girman Allah a tsaya nan. Dokar zaure ta hana siyasa. Duk wanda ya ƙara zan goge. A ci gaba da ƙwallo.

Ɗan Gwammaja:
Yaya Lamba Biyar, kana cikin motar ranar da 'yan fashi suka tare su?

Tsohon Lamba Biyar:
Ba na ciki. Na bar ƙungiyar bayan kakar 2014 don neman inda zan riƙa buga wasa sosai. Watan Maris ne na 2015, suna kan hanyar Owerri wasan farko na kaka, a hanyar Abuja zuwa Lokoja aka buɗe musu wuta. 'Yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo. Ina sansanin sabuwar ƙungiyata aka bugo min. Na zauna a bakin gado na kasa ɗaura igiyar takalmi. Na san motar, na san kujerar da kowa yake zama, na san wanda yake barci da zarar an wuce Gwagwalada. Hanyar nan mun bi ta ba adadi, wani lokaci cikin dare, muna ta hira ba mu taɓa kawo komai a rai ba.

Shi ya sa da na ce muku a hanya aka ci kofunan nan, ba salon magana nake ba. Kuma ku duba abin da ya biyo baya. A watan Agustan wannan shekarar Nasarawa United ta zo har Kano ta ci 2-1, tarihin shekara 12 ya yanke. Enyimba ta ɗauki kofin. Ban ce harbin ne kaɗai sanadi ba, amma tawagar da ta ga jinin 'yan'uwanta a kan kujerun mota ba za ta koma yadda take a wata biyu ba.

Injiniya Hotoro:
Wannan kam babu ja. Kuma abin takaici har yau a mota ƙungiyoyin lig ɗin nan suke ratsa ƙasar. Allah ya jiƙan ɗan wasanmu Chinedu Udoji ma, duk da shi a cikin gari hatsarin ya same shi a 2018, bayan wasa da Enyimba.

Baba Alhaji Yakasai:
Yaron kirki. Na ga wasansa na ƙarshe da idona.

Khalifa Junior:
Ni abin da na gani da wayona shi ne kofin ƙalubale na Aiteo na 2019 a Kaduna, da muka ci Niger Tornadoes a bugun fanareti. Sai kuma faɗawa ƙasa a 2022. Ranar na ƙi cin abinci.

Na Ƙofar Mata:
Faɗuwar nan tun daga lokacin da aka mai da wasanninmu na gida Kaduna ta fara. Masu gida babu gida, me ake jira? Alhamdulillahi dai shekara ɗaya muka yi muka dawo.

Ɗan Gwammaja:
To ka ga wannan ya ɗan karya maganar Yaya Lamba Biyar. Da aka raba mu da Ƙofar Mata ai komai ya rushe. Ashe gidan ne tushe.

Tsohon Lamba Biyar:
Gida shi ne tushe, ban musa ba. Idan babu shi faɗuwa za ka yi. Amma gida iyakarsa ya riƙe ka a lig, ya kai ka tsakiyar teburi ko sama kaɗan. Shekaru nawa muka yi ba a ci mu a Kano ba tsakanin 2003 da 2015? Goma sha biyu. Kofi nawa muka ci a ciki? Huɗu. Sauran takwas ɗin ma ai ba a ci mu a gida ba, me ya hana mu ɗauka?

Injiniya Hotoro:
Wannan lissafin ya kama ni. Zan sake tunani. Amma Malam, in ba damuwa, me ya raba ka da ƙwallo? Don ga alama da sauranka lokacin.

Tsohon Lamba Biyar:
Gwiwa ce. A ƙungiyar da na koma, wata bakwai da zuwana, na yi tsalle na sauko ƙafar ta juya, na ji ƙara kamar an karya rake. Aka ce jijiya ce ta tsinke, sai an yi aiki. Suka ce in je gida za su neme ni. Ina bin su albashin wata huɗu da ragowar kuɗin sa hannu, har yau ban ga ko sisi ba, wayata ma suka daina ɗauka. Kuɗin aikin ya fi ƙarfina, aka yi ta ɗori da magani har ta lafa. Ina tafiya lafiya, ina salla a tsaye, amma gudu da juyi sun ƙare. Ina da shekara 27 lokacin. Waɗanda suka haɗa min jarin da na fara sana'a abokan nan ne na mota, har da wanda yake tashina sahur, daga garinsu ya turo nasa.

Maman Ilham:
Allah ya bi maka haƙƙinka. Yaran da kake koyarwa su nawa ne?

Tsohon Lamba Biyar:
Amin Yaya. Su 34 ne yanzu, daga shekara 10 zuwa 16. Sharaɗina ɗaya, wanda bai je makaranta da islamiyya ba ba ya taɓa ƙwallo ranar. Ƙwallo uku gare mu, ɗaya ma ɗinki biyu ne a jikinta. Burina in ga ko mutum biyu sun shiga tawagar Kano ta kofin Ramat na matasa.

Injiniya Hotoro:
Ka turo min saƙo ta gefe. Akwai ƙwallo biyar da rigunan atisaye daga wajena in sha Allahu. Kuma zan zo da kaina, don maganar alƙalan nan ba mu gama ba, ina da sauran tambaya.

Abban Khadija Fagge:
Ni ma a sa ni. Yadin da za a ɗinka musu wanduna yana kaina.

Tsohon Lamba Biyar:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Asabar da Lahadi muke yi da safe, ƙarfe bakwai zuwa tara, sauran ranaku bayan la'asar. Injiniya ka zo da tambayoyinka, akwai benci a gindin darbejiya. Asabar ɗin nan ma zan ɗauko lambar yabon kofin 2013 daga akwatin Innarmu, tun da aka ba ni ita take ajiye da ita a cikin tsumma tare da takardun gida. Na yi wa yaron nan mai rigar Barcelona alkawari zai riƙe ta a hannunsa.

Khalifa Junior:
Yaya ni ma zan iya zuwa in gani? Daga Ɗorayi nake.

Tsohon Lamba Biyar:
Ka zo ƙanena. Ka taho da takalminka.